Bakan da ya ƙi motsi a iskar Zara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shirya darasin igiyoyi da zan koyar gobe sai na sake faɗawa kan wani hoto da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kumbon Japan mai suna Akatsuki ne ya ɗauke shi a Disambar 2015 a duniyar Venus, wato Zara ɗin nan tamu, matar wata. A saman gajimarenta, wajen kilomita 65 daga ƙasa, iska tana gudun kusan kilomita 360 a awa. Cikin wannan gudun sai ga wani abu lanƙwashe kamar baka, tsawonsa kusan kilomita 10,000, ya kafe wuri guda har kwana huɗu ana kallonsa. Gajimare na ratsa shi yana wucewa, shi ko gezau. Ku tuna Afirka daga Tunisiya har ƙarshen Afirka ta Kudu wajen kilomita 8,000 ce. Kafin in faɗi abin da masana suka gano, wa zai canka?

Ɗan Tasha: Wa alaikumus salam Malama. Datti ne a gilashin kyamarar. Ni ma wayata akwai wani layi da ya tsaya wuri guda tun bara.

Maman Ilham: Ka fara ko? To ai da datti ne, da duk inda kyamara ta juya yana nan a gefe ɗaya na hoton. Wannan kuwa wurin zamansa a jikin duniyar yake, kumbon na matsawa, shi yana kan ƙasar da yake.

Baban Walid: Malama, in dai a kan ƙasa ɗaya ya kafe, to a duba me ke ƙarƙashinsa. Ni aikin madatsar ruwa na sani. Je ki bakin kogi da damina ki sami inda dutse ya nutse. Za ki ga ruwa ya yi ƙusumbi a wurin, da wasu 'yan ƙananan tuddai a bayansa. Ruwan da ke cikin ƙusumbin yanzu ba shi ne na ɗazu ba, ya riga ya yi gaba, amma ƙusumbin yana nan. Ina kyautata zaton tsauni ne a ƙasa.

Maman Ilham: Injiniya ka cinye gari. Ƙarƙashin bakan akwai tuddan da ake kira Aphrodite Terra, wani makeken tudu ne kamar nahiya guda a ƙugun duniyar, wato tsakiyarta tsakanin arewa da kudu. Tetsuya Fukuhara da abokan aikinsa ne suka wallafa bayanin a farkon 2017. Iska mai rarrafe a ƙasa ta hau tudun, tudun ya tura ta sama, ta fi iskar da ta tarar nauyi sai ta faɗo, ta zarce, ta sake tasowa, kamar lilo. Wannan lilon ne ke hawa sama.

Kawu Mai Rediyo: Sannunku da hira. 'Yata, akwai inda ban gamsu ba. Kin ce gajimaren yana kilomita 65 a sama. Tudu komai tsawonsa 'yan kilomita ne. Yaya za a yi dutse ya taɓa abin da ya fi shi nisa haka? Kuma na taɓa ji an ce iskar ƙasan Zara ba ta da gudu.

Maman Ilham: Gaskiya ne Kawu, a ƙasa gudunta bai fi tafiyar mutum ba. Amma kauri gare ta na ban mamaki, nauyinta ya ninka na iskarmu wajen sau 90, kusan a ce ruwa-ruwa ce. Ɗan motsi kaɗan a irin wannan iskar ƙarfi ne mai yawa. Yayin da igiyar ke hawa, iska na ƙara zama shara-shara, sai girman kaɗawar ya ƙaru. Kamar bulala ce, Kawu, hannu ya ɗan motsa, bakinta ya yi ƙara. Amma fa tambayarka ba ta banza ba ce, don su kansu masanan abin ya zo musu ba zata. A cikin gajimaren akwai matakin da iska ke birkicewa kamar tukunya na tafasa, an ɗauka igiya ba za ta ratsa nan da wannan girman ba.

Kawu Mai Rediyo: To madalla. Bulalar nan ta shige ni.

Baban Walid: Akwai ma tsohuwar alama. A 1985 Tarayyar Sobiyet ta saki balan-balan biyu cikin gajimaren Zara daga kumbunan Vega. Na biyun, da ya bi ta saman tuddan nan na Aphrodite, ya sha jijjiga sama da ƙasa. Shekara 30 kafin hoton ke nan.

'Yar Damagaram: Ina wuninku. Anti, wannan ne igiyoyin da aka ce an gano a Amurka a 2015, waɗanda Einstein ya yi hasashensu? Na ga sunan nasu da Turanci kusan ɗaya.

Maman Ilham: A'a ƙanwata, kada ki haɗa su, ɗalibaina ma nan suke tuntuɓe. Waɗancan da na'urar LIGO ta kama a Satumbar 2015 girgizar sararin kansa ne, daga karon baƙaƙen ramuka biyu, wato wurare a sararin samaniya masu jan da ko haske ba ya kuɓuce musu. Namu na nan iska ce kawai ke lilo. Irinsu na nan a samanmu. In kin taɓa ganin gajimare ya jeru layi-layi kamar kunyoyin gona, to sau da yawa su ne.

Ɗan Tasha: Ni fa har yanzu ban ga wanda ya je ba. Mutum na zaune a ofis a Japan yana shan shayi, ya ce iska na gudu kaza a wata duniya. Wa ya ɗaga tsumma ya ga inda ta kaɗa? Kuma hotunan nan masu ja da shuɗi duk fenti ne na kwamfuta, ku faɗi gaskiya.

Baban Walid: Kan fenti ka yi gaskiya, kuma ba ɓoyewa ake ba. Kyamarar da ta ga bakan ba launi take gani ba, zafi take aunawa, irin na'urar da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona. Kowane ɗigo a hoton lamba ce ta zafin saman gajimare. Sai a ba lambobin haske ko launi don ido ya rarrabe. Inda iska ta gangaro tana matsewa ta yi ɗumi, inda ta hau ta yi sanyi, shi ya sa igiya ke fitowa a hoton zafi. Launin na mutum ne, lambar ta na'ura ce.

Maman Ilham: Batun gudu kuma, tsumman yana nan, gajimaren ne. Akatsuki na da wata kyamarar mai ganin hasken da ya wuce ƙarfin idonmu ta ɓangaren shuɗi. Da ita gajimaren Zara, da muke gani fari fat, yake fitowa da dabbare-dabbare. A ɗauki hoto yanzu, a sake ɗauka bayan awa biyu, a nemo dabbaren nan a ga nisan da ya ci. Nisa a raba da lokaci. Lissafin 'yan aji ɗaya ne, sai dai kwamfuta ke yin sa a wurare dubbai, shekara da shekaru.

Kawu Mai Rediyo: Akwai ta uku, ita ce tawa, ku bar ni in faɗa. Idan kumbo zai ɓuya a bayan duniyar, saƙon rediyon da yake aikowa dole ya ratsa iskarta kafin ya iso nan. Iskar tana lanƙwasa shi, kamar yadda cokali ke bayyana a karye cikin kofin ruwa. Daga yawan lanƙwasawar ake fitar da kaurin iska da zafinta mataki-mataki. Japan ta riƙa karɓar saƙon Akatsuki da wani faifai mai faɗin mita 64 a Usuda. Tun 1965 aka fara dabarar da kumbon Mariner 4 a duniyar Mars. Mu da muka ƙare ƙuruciya muna murɗa akwati muna neman tasha a gajeren zango mun san iska ba ta barin saƙo ya wuce yadda ya zo.

Ɗan Tasha: Kawu ya samu an taɓo rediyo, yau ba barci.

Shugaban Zaure: Ɗan Tasha, a girmama manya.

Ɗan Tasha: Tuba nake, Kawu. Wasa ne.

Na Apapa: Salamu alaikum, yanzu na taso daga aiki na tarar da hira ta yi nisa. Malama, a wani rubutu na ga an ce iskar Zara na cika tana janyewa kamar teku. Shekarata 11 a bakin ruwan Legas, kullum sau biyu ruwa ke cikowa ya koma, kuma kowa ya san aikin wata ne. Zara kuwa an ce ba ta da wata ko ɗaya. To me ke jan iskar?

Ɗan Tasha: Matar wata ba ta da wata? Ashe auren ma na baka ne.

Maman Ilham: Wallahi Ɗan Tasha sai da na yi dariya. Malam Na Apapa, tambayarka ita ce zuciyar maganar, ta ma fi bakan nan muhimmanci. A teku, jan wata ne. A iska, zafin rana ne. Rana ta dafa ɓangaren da ke fuskantarta, iskar nan ta kumbura, ɓangaren dare ya lafa. Da yake rana na tafiya a sama, kumburin na bin ta yana zagaya duniyar. Abin da ya sa aka kwatanta shi da cikar teku shi ne duka biyun igiya ce mai faɗin duniya guda, mai dawowa kan lokaci, sau ɗaya ko sau biyu a yini.

Ga inda abin ya yi daɗi. Zara ragguwa ce wajen juyawa, sai ta kwana 243 namu kafin ta juya sau ɗaya, kuma baibai take yi, rana daga yamma take fito mata. Amma iskar saman gajimarenta kwana 4 kacal take zagaye ta. Iska ta fi ƙasar da ke ɗauke da ita sauri sau 60. A ka'ida gogayya ya kamata ta rage mata gudu tuntuni. Ga kuma wata iskar da ke kwasa daga ƙugu zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, tana tafiya da ƙarfin juyin. To wa ke mayarwa? Tun shekarun 1960 ake wannan tambayar. A 2020 Takeshi Horinouchi na Jami'ar Hokkaido da tawagarsa suka haɗa bin sawun gajimare na shekara uku da awon zafi, suka nuna cewa wannan kumburin da rana ke haddasawa shi ke turo ƙarfin juyi yana maido shi ƙugu a saman gajimare. Sauran igiyoyi da hargitsin iska kuwa, waɗanda da yawa suka zata su ne masu taimakon, sai aka ga a wurin rage gudun suke yi.

Baban Walid: Malama, a nan zan ɗan ja da ke. Yadda kika faɗa kamar an rufe littafi. Abin da suka auna mataki ɗaya ne, saman gajimare. Kilomita 60 ɗin da ke ƙasa fa? Kumbon da ke kewayawa a sama fatar abin yake gani. Sun nuna abin da ke riƙe gudun a can sama, ba su nuna yadda aka yi ya fara ba.

Maman Ilham: Na karɓi gyara, Injiniya. Riƙewa na ce, ko in ce shi na yi niyyar faɗa. Amma kada ka raina fatar. A gajimaren ne Zara ke shanye kaso mai yawa na hasken ranar da ta kama, can ne murhun yake.

Baban Walid: Ban raina ba. Cewa nake sai an sake saka balan-balan ko an jefa na'ura ciki kafin in ce an gama.

Na Apapa: Ni dai na samu amsata. Amma in rana ce, ai mu ma muna da rana. Me ya sa ba mu da shi?

Maman Ilham: Muna da shi mana! Kuma mu na kusa da ƙugun duniya mun fi Turawa ganinsa, don su guguwowinsu na binne shi. Nauyin iska yana hawa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya sauka wajen 4 na yamma da 4 na asuba. Ɗan kaɗan ne, jiki ba ya ji. Masani Bajamushe Alexander von Humboldt da ya je nahiyar Amurka ta Kudu a 1799 ya lura abin na bin lokaci har mutum zai iya sanin ƙarfe nawa daga ma'aunin iska. Wasu wayoyin suna da wannan ma'aunin a ciki. Mai irin wayar ya gwada.

'Yar Damagaram: Tawa na da shi, Anti. Zan ajiye ta wuri ɗaya in riƙa rubutawa.

Baban Walid: Tunda an zo nan, bari in kai ku Mars, don can ne aka ga wahalar auna irin wannan daga sama. Iskar Mars shara-shara ce, rana na fitowa ta yi zafi, tana faɗuwa ta huce. Motar Curiosity da ke ƙasa tana ganin nauyin iska na canzawa da wajen kashi 10 cikin 100 a yini ɗaya. In ƙura ta tashi abin ya ƙaru, don ƙurar kanta ke shan rana ta dafa iska, kamar guguwar 2018 da ta lulluɓe duniyar ta kashe motar Opportunity.

To kumbon Amurka Mars Reconnaissance Orbiter, da ya isa a 2006, an tsara hanyarsa ne yadda duk inda ya bi zai tarar ƙarfe 3 na rana ne, in ya zagayo ta baya ƙarfe 3 na dare. Ku yi tunanin mutumin da ba ya duba agogon bango sai 3 na rana da 3 na dare. Zai rantse hannun agogon ba ya motsi. Haka igiyar da ke dawowa duk rabin yini take ɓacewa irin wannan kumbon. Sai da masu na'urar awon yanayin suka koma leƙen gefe da gefe don su sami wasu lokutan, sannan a 2013 suka sanar cewa zafin iskar na hawa da sauka sau biyu a yini, a wasu wuraren bambancin ya kai digiri 32, kuma gajimaren ƙanƙara na da hannu a ciki.

Kawu Mai Rediyo: Misalin agogon nan ya yi, Injiniya. Ashe ba kyawun na'ura kaɗai ba, har da lokacin da ka zo.

Baban Walid: Shi ne, Kawu. Don haka da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta aika nata kumbon, Al-Amal, wanda ya isa ranar 9 ga Fabrairu 2021, sai suka ajiye shi can nesa, tsakanin kilomita 20,000 da 43,000, yana zagaye ɗaya cikin awa 55. Daga nan yana ganin faifan duniyar gaba ɗaya, safiya a wannan gefe, la'asar a wancan. Cikin kwana 10 ya ga kusan ko'ina a kowane lokaci na yini. Bai kai wancan ganin ƙananan abubuwa ba, amma shi yana ganin hannun agogo na tafiya.

Ɗan Tasha: To duk na ji. Amfanin fa? Mu nan wuta muke jira tun shekaranjiya.

Na Apapa: Ai ba da kuɗin wutarka suka je ba.

Baban Walid: Akwai na zahiri guda ɗaya. Kumbo in ya isa Mars, maimakon ya ƙona mai wajen rage gudu, sai ya riƙa gogar saman iskar kaɗan-kaɗan har wata da watanni. In igiya ta kumburo da iska mai kauri inda ba a zata ba, fukafukansa na iya lalacewa. Dole a san halin igiyoyin.

Maman Ilham: Ni kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa zai kawo wuta ba. Abin da na sani, lissafin da ake hasashen damina da shi, dokokinsa ɗaya ne da na iskar Zara. In ka gwada shi a duniyar da ke juyawa a hankali ya ba ka shirme, ka san akwai abin da ba ka gane ba, ko da yana yi maka daidai a gida. Sauran kuwa son sani ne, ni ban ga aibinsa ba. Ji wannan: lissafin wasu masana a 2018 ya nuna tura tuddan da igiyoyin nan ke yi na iya canza tsawon juyin Zara da kusan minti biyu. Iska na taka wa duniya sukutum birki. Dama an ga saɓanin wajen minti 6 da rabi tsakanin awon kumbon Magellan na farkon shekarun 1990 da na Venus Express daga baya.

Kawu Mai Rediyo: Allahu Akbar. Shi kumbon Japan ɗin yana nan?

Maman Ilham: Ya yi shiru tun Afrilun 2024, Kawu. Amma ya yi abin a yaba. An harba shi a Mayun 2010, da ya isa a Disamba babban injinsa ya lalace, ya zarce. Shekara biyar yana yawo yana kewaya rana, sai 7 ga Disambar 2015 suka shigar da shi da ƙananan injinan da aka yi don gyara masa zama kawai. Hanyar da ya samu ta fi wadda aka shirya nisa sosai, kwana 10 da ɗoriya kowane zagaye. Bakan nan a hotunan kwanakin farko ya fito. Da aka sake dubawa a Janairu babu shi, daga baya aka gane yana dawowa kan tuddai in rana ta yi la'asar a wurin. Sunan ma, Akatsuki, alfijir yake nufi.

Kawu Mai Rediyo: Ya dace da Gamzaki ke nan.

'Yar Damagaram: Kawu, ba Zara ake magana ba?

Kawu Mai Rediyo: Abu ɗaya ne, jikata. In ta fito da asuba Gamzaki, in da magariba Zara.

'Yar Damagaram: Salamu alaikum, na dawo da sakamako bayan kwana uku. Anti, ya hau da hantsi wajen 10, ya sauka da la'asar, duk kwana ukun. Na dare ma ya ɗan hau. Amma saukar asuba ƙarama ce sosai, ba ta kai rabin ta la'asar ba. Wayar ce ba ta da kyau?

Maman Ilham: Wayarki lafiya lau. Igiya biyu kike gani a haɗe, mai zuwa sau biyu a yini da mai zuwa sau ɗaya. A busasshiyar ƙasa mai zafi irin taku ta sau ɗayan na da ƙarfi, sai ta zurfafa saukar la'asar ta cike ta asuba. Na Apapa, kai da ke bakin teku, in ka gwada ya kamata naka biyun su fi kusa da juna. Ƙanwata, turo mini lambobin ta akwati, da su zan shiga aji ranar Litinin.

Na Apapa: Tawa ba ta da ma'aunin. Zan ari ta yaron shagonmu.

Ɗan Tasha: Wai ƙarfe 4 na asuba kika riƙa tashi saboda iska?

'Yar Damagaram: Ƙararrawa na saka, Yaya. Inna ta ɗauka tahajjud na fara.